Gaban Mota Ya Lotse: Me Za Ka Gyara da Hannunka, Me Za Ka Bari?

Duk inda mota ta yi karo a cikin gari, kafin janwe ya iso an riga an taru, kuma da wuya a watse wani dattijo bai girgiza kai ya ce motocin yanzu gwangwani ne ba. Zai tuno da Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna a da, wadda a cewarsa za ta daki katanga, katangar ta zube, ita kuwa ta wuce abinta. Mai mota na gefe yana duban bonet ya tattare, bamba a ƙasa, fitila ta tarwatse, yana lissafi a zuci. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya ce wa kansa: me zai hana in sayo kayan in ɗaura da hannuna, in huta da kuɗin aiki?

Ana iya yin haka, kuma ina cikin masu son kowane mai mota ya san riƙon sifana. Sai dai kafin a kwance noti ko ɗaya, ya kamata a fara gyara maganar dattijon nan, don duk ɓarnar da ake yi wajen gyaran gaban mota daga gare ta take tasowa.

A 2009 cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta cika shekara 50. Don nuna inda aka kwana, sai ta haɗa motoci biyu karo gaba da gaba: Chevrolet Bel Air ƙirar 1959, katafariyar mota mai kaurin ƙarfe, da Chevrolet Malibu ƙirar 2009, kowace tana gudun kimanin kilomita 64 a awa. Hoton bidiyon yana nan a intanet. Tsohuwar motar ta murƙushe har cikin ɗakin direba, sitiyari ya taso wa mutum-mutumin da aka zaunar. Sabuwar kuwa gabanta ya yi kaca-kaca, amma wurin zaman direba bai rasa siffarsa ba.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta daki bango, daidai take da wadda ta faɗo daga tsayin mita 10. In gudun ya ninka ya kai 100, ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkuwa, ya zama kamar faɗowa daga kusan mita 40. Wannan ƙarfi dole ya sauka a wani wuri. Idan ƙarfen gaba ya ƙi lanƙwasa, sai ya zarce ya sauka a ƙirjin wanda ke ciki. Wani injiniyan kamfanin Mercedes-Benz, Béla Barényi, shi ya yi rajistar dabarar a 1952: a ƙera gaba da bayan mota yadda za su tattare su shanye bugu, a bar tsakiya da tauri. A 1959 aka fara fitar da mota bisa wannan tsari, yau kuwa babu kamfanin da ba ya bin sa. Ashe dattijo bai yi ƙarya ba da ya ce gwangwani, sai dai da gangan aka yi shi haka. Kuma duk wanda ya taɓa matse gwangwanin lemo ya sake miƙe shi ya san cewa karo na biyu da yatsa biyu ma zai lotse, a daidai inda ya lotse da farko.

Gyaran gaban mota ke nan iri biyu ne. Akwai mayar da kyan gani, akwai mayar da ƙarfin kare rai a karo na gaba. Na farko mai mota zai iya yin mafi yawansa a ƙofar gida. Na biyu ba aikin ƙofar gida ba ne, kuma abin da ke damuna shi ne ko a garejinmu da yawa ba a yin sa yadda ya kamata.

Tun a wurin hatsarin ake fara asara ko a tsira. Lagireto yana can gaba-gaba, bayan kandansar esi, kuma a motocin yanzu gefunansa roba ne, bugu kaɗan ke tsaga shi. In ka leƙa ƙasa ka ga ruwa kore ko ja-ja yana ɗiga, kada ka ce gida kusa ne. Inji mai kan alminiyam ba ya jure tafiya babu ruwa, cikin 'yan mintoci zai ƙona gasket ko kansa ya karkace, gyaran bamba ya koma sayen inji. Kuɗin janwe ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kada kuma a buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan ciki a matse yake, ya wuce digiri 100, fuska yake nema. A ɗauki hotuna ta kowane ɓangare kafin a matsar da motocin. Wanda ya daki wani ta baya galibi shi ake ba laifi, kuma mutane da yawa suna zaro kuɗi daga aljihu su biya alhali suna da takardar inshora a mota. Tun daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta mai da inshorar dole ta motar gida naira 15,000, kuma inshorar tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wanda ka daka har naira miliyan 3, muddin takardar ta gaske ce. Motarka kai ba ta ciki, wannan sai mai cikakkiyar inshora.

Da an kai mota gida, abu na farko cire kan batir, a fara da wayar da ke da alamar ragi, sannan a dakata. Toyota ta ce aƙalla daƙiƙa 90, Honda ta ce minti 3, domin kwamfutar jakar iska tana riƙe ragowar wuta bayan an cire batir. Duk soket mai launin rawaya na jakar iska ne, ba a taɓa shi, ba a kuma sa masa mitar gwajin wuta. Idan motar mai haɗa fetur da lantarki ce irin Prius, wayoyi masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 200, wadda take kisa. Wannan sai gwani.

Daga nan a sauke bamba. Abin da muke kira bamba a yau rigar roba ce kawai, 'yan notuna da maɓallan roba ke riƙe da ita. A bayanta akwai soso mai tauri, sai ƙarfen bamba na gaske a gicciye, wanda aka ɗaure a kan ƙafafun shasi guda biyu da suka miƙe hagu da dama na inji. Sau da yawa roba tana komawa daidai bayan karo ta ɓoye ɓarnar da ke ciki, shi ya sa ba a yanke hukunci sai an tuɓe ta. Kowane mataki a ɗauki hoto da waya, kowane rukunin noti a sa shi a leda a rubuta inda ya fito. Wanda ya raina wannan zai gama aiki ya ga notuna sun yi saura, bai san na ina ba ne.

A nan ne ya kamata a ɓata lokaci, don wannan dubawar ita ce za ta raba aikinka da wanda ba naka ba. Haska tocila a jikin ƙafafun shasi tun daga baki har inda suka shige ƙarƙashin ɗakin direba. Fentin da ya tsage, ko ƙarfen da ya yi ƙunci ko tattara, ko ɗinkin walda da ya buɗe, duk alamu ne cewa bugu ya shiga ciki. Buɗe ƙofofin gaba ka rufe: in ɗaya ta fara gogar fenda ko sai an ɗaga ta take rufuwa, ba lafiya ba. Dubi tazarar da ke tsakanin tayar gaba da bakin fenda a hagu da dama, in yatsu huɗu sun shiga a nan uku a can, taya ta ja baya. Sai ka ɗauko tef ɗin awo ka zaɓi notuna ko ramuka huɗu da suke daura da juna a ɗakin inji, ka auna a gicciye, daga gaban hagu zuwa bayan dama, sannan daga gaban dama zuwa bayan hagu. Awon biyu ya kamata su zo ɗaya. Masu wannan sana'a ba sa yarda da bambancin da ya wuce milimita 3. In komai ya fito daidai, ka yi hamdala, abin da ya rage aikin kwancewa da ɗaurawa ne.

Bamba, raga, fitilu, fenda, bonet, lagireto, fanka, soson bamba, da shi kansa ƙarfen bamba, duk noti ke riƙe da su a yawancin motocin da ke titunanmu. Ƙarfen bamba in ya lanƙwashe sabo ake sawa, ba a buga shi. Robar kuwa, in lotsawa ta yi ba yagewa ba, tana iya dawowa. Ka duba cikinta za ka ga an buga PP, wato irin robar da zafi ke tausasawa, a kwara mata tafasasshen ruwa a tura ta baya da hannu cikin tsumma, sannan a sanyaya ta da ruwan sanyi.

Wajen sayen kaya ake yawan shan kunu. Ko Ƙofar Ruwa za ka je a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko ka aika Ladipo a Legas, ka tafi da tsohon kayan a hannu da lambar shasin motarka mai harufa da lambobi 17, wadda ake gani ta gilashin gaba a ɓangaren direba. Corolla ko Camry ta shekara ɗaya tana iya bambanta a fuska tsakanin wadda aka yi wa kasuwar Amurka da ta Turai ko ƙasashen Larabawa. Kayan Beljiyam na asali sau da yawa sun fi sababbin kwaikwayo zama daram. Fitila kuwa tana da wani tarko da ba kowa ya sani ba. Wadda aka ciro daga motar Japan ko Ingila, inda ake tuƙi a hannun hagu, an tsara ta ne ta ɗaga haske zuwa hagu don a ga gefen hanya. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, saboda haka irin wannan fitilar a titinmu idon mai tahowa take haskewa kai tsaye.

Wajen ɗaurawa ba a ƙulle noti tun farko. A sa komai sako-sako, a fara daidaita fenda da ƙofa, sai bonet da fenda, sai fitilu, bamba daga ƙarshe, har sai tazarar ko'ina ta yi daidai, sannan a bi a ɗaure. Makullin bonet yana da ƙugiya ta biyu wadda ke riƙe shi in ta farko ta saki. Karo yana yawan karkatar da ita, kuma bonet ɗin da ya tashi ya rufe gilashi ana tsakiyar gudu a hanyar Zariya ba ƙaramin bala'i ba ne. Igiya ko waya ba ta maye gurbin wannan ƙugiya. In an canza lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, ba ruwan rijiya mai cin ƙarfe ba, a bar inji ya yi zafi har iskar da ta maƙale ta fita, a tabbata fanka tana tashi da kanta. Kandansar esi kuwa gas ne a matse a cikinta, a bar wa mai esi ya zuƙe ya mayar. Kuma ko da wasa kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Fenti ba zan ja magana a kansa ba. Lambar launin motarka tana jikin takardar da ke manne a dogaran ƙofar direba a motoci irin su Toyota da Honda, ka kai wa mai haɗa fenti. Amma feshin kansa gara a ba masu shi, don fentin zamani mai haɗin biyu yana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma, takunkumin tsumma ba ya tare shi. Abin da za ka sa wa ido shi ne fila. An yi ta ne don shafe ɗan abin da ya rage bayan an miƙe ƙarfe, kaurin 'yan milimita. Inda aka cika rami da ita, rana da gargada za su tsaga ta. Ɗan maganaɗisu yana tona asiri: inda ya ƙi kama bodin ƙarfe, fila ce jibge.

To idan awo ya nuna shasi ya motsa fa? Kowa ya san yadda aka saba yi. A ɗaura sarƙa a gindin bishiya ko a jikin wata motar, a ɗauko wutar kabaid a gasa ƙarfen har ya yi jawur, a ja, a buga da guduma, a shafe da baƙin fenti. Ba na raina masu bugun bodi na ƙasar nan. Na ga hannayen da ke fitar da siffar fenda daga ƙarfen da kowa ya fid da rai da shi, kuma wannan fasaha ce ta gaske. Sai dai sana'ar an gaje ta ne daga zamanin ƙarfe mai taushi, wanda ƙarfinsa bai kai megafaskal 300 ba, wanda kuma wuta ba ta cika yi masa lahani ba. Motocin yanzu ana sa musu ƙarfe mai 590, da 980, har da 1,500 a wuraren da ke kare mutum. Siriri ne, ƙarfinsa daga yadda aka sarrafa shi da zafi da sanyi a masana'anta yake. Da an sake gasa shi, wannan ƙarfin ya tafi, ido kuwa ba zai nuna ba. Shi ya sa Honda da Toyota suka rubuta ƙarara a ƙa'idojin gyaransu cewa kada a miƙe ƙarfen shasi da wuta, Honda kuma ta ce mai ƙarfin 1,500 ba a miƙe shi sam, canzawa ake yi. Gyaran da ya dace shi ne a ɗaure motar a kan teburin jan shasi, a ja a sanyi ana aunawa, abin da ya karye ko ya tattare a cire shi a inda kamfani ya nuna, a sa wani da irin waldar da aka ce. Irin waɗannan garejin ba su da yawa, amma akwai su a manyan biranenmu, kuma sun cancanci a neme su.

Ko a Amurka an sha ganin sakamakon kauce wa ƙa'ida. Wani gareji a Dallas ta jihar Texas ya canza rufin wata Honda Fit ƙirar 2010 da ƙanƙara ta ɓata, maimakon waldar da kamfani ya ce sai ya manna shi da gam. Aka sayar da motar ga wasu ma'aurata da ba su san komai ba. A 2013 suka yi karo, motar ta murƙushe a kansu ta kama wuta, suka tsira da munanan raunuka. A 2017 kotu ta ƙiyasta diyyarsu dala miliyan 42, mafi yawa a wuyan garejin. Kafin nan motar tana tafiya lafiya, ba mai iya gane komai, sai ranar da aka bukaci ƙarfen.

Jakar iska ita ce inda ha'inci ya fi yawa. Tana fashewa ta cika cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa 20 na daƙiƙa, kuma sau ɗaya take aiki. Tare da ita akwai wani ɗan abin fashewa a jikin bel da ke fizge shi ya matse mutum a kujera lokacin karo, shi ma sau ɗaya ne. Bayan hatsari ana bukatar sabuwar jaka, sabon bel, a duba na'urorin jin bugu da ke gaban mota, sau da yawa har da kwamfutar. Abin da wasu ke yi kuwa shi ne su cusa tsumma a sitiyari su manne murfin, riwaya ya sa ɗan abin da zai yaudari kwamfuta, ko ya cire ƙwan gargaɗin dashbod gaba ɗaya. Gwajin farko mai sauƙi ne: da ka murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, ko ta ƙi mutuwa, a kai mota a sa mata kwamfutar bincike. Jakar Beljiyam ma sai da hattara. Kamfanin Takata na Japan ya yi amfani da sinadarin da zafi da laima ke lalatawa a hankali, jakar ta riƙa fashewa da gutsattsarin ƙarfe tana kashe direbobi. An janye jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, kamfanin ya durƙushe a 2017. Motocin Honda da Toyota da yawa na shekarun 2000 suna cikin waɗanda abin ya shafa, su ne kuwa suka cika titunanmu, a ƙasa mai zafi. Da lambar shasi ana iya dubawa kyauta a shafin hukumar NHTSA ta Amurka.

Wannan magana ta shafi har wanda bai taɓa yin karo ba. Tokumbo da yawa da ke shigowa ta Legas da Kwatano daga gwanjon Copart da IAA aka sayo su, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka ga gyaransu bai biya ba, kuma bugun gaba ya fi yawa a ciki. Ba laifi ba ne a sayi mai hatsari a gyara. Laifin shi ne a gyara fuska a bar ciki, sannan a ce wa mai saye ba ta taɓa ko ƙwarzane ba. Ɓoye aibin haja haramun ne a addini, balle aibin da ke iya cin rai. Sau da yawa in ka sa lambar shasi a intanet, hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin a taɓa ta. Kai ma in ka gyara taka, ka adana hotunan da rasit ɗin kayan, ka miƙa wa wanda zai saya.

Motocin baya-bayan nan sun ƙara wani abu. Tun wajen 2017 Corolla da Camry da yawa na kasuwar Amurka suna da na'urar hango abin da ke gaba a bayan tambarin kamfani, wadda ke taka birki da kanta. In an taɓa bamba ko raga sai an sake saita ta da kwamfuta, don karkata kaɗan na sa ta auna wurin da ba shi ba.

Bayan an gama ɗauri, a kai mota alaimin ko da sitiyari ya yi kamar daidai yake. Fitila kuwa da dare ake saita ta: a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri mita 10 daga bango, a kunna ƙaramar wuta, bakin hasken ya sauka kimanin santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar, sai dai in an rubuta wani awo dabam a jikinta. A makon farko a riƙa leƙa ƙasan mota da safe, ido kuma na kan allurar zafi. Bayan wata ɗaya ko biyu a shafa tayoyin gaba da tafin hannu. In ɗaya tana cinyewa ta gefe guda alhali an yi alaimin, ko motar tana ja hagu ko dama a miƙaƙƙiyar hanya, a koma a sake auna shasi.